Gaisuwar da Ta Zo da Turanci

A farkon watan Zulƙida na shekarar 1416, wato ƙarshen Maris na 1996, Hajiya Zinariya ta fara ganin Alhaji Awwalu. Da hantsi ne, a filin Uhudu na Madina, lokacin da motocin ziyara ke sauke alhazai kusa da maƙabartar shahidai. Tana zaune a bakin basɗarta, 'yar shimfiɗar da take kasa kaya a kai, tana ƙulla lalle a leda, sai ga wani gajeren mutum mai furfura a gemu ya ware daga ayarinsa yana bin mata masu sayarwa ɗaya bayan ɗaya, yana tambayar Zinariya 'yar Malam Tahir. Ta manta rabon da ta ji baƙo ya haɗa sunanta da na mahaifinta.

Bayan sun gaisa ya ce shi tela ne daga Kafanchan. Ya fara nemanta a unguwar Anbariyya, inda aka yi masa kwatance, ya tarar an rushe layin an gina masaukin baƙi, sai wani Bahaushe mai shayi ya ce masa ya gwada Uhudu. Saƙo yake ɗauke da shi daga maƙwabcinsa Malam Maigandi, tsohon akawun tashar jirgin ƙasa.

Maigandi yayanta ne, ciki ɗaya, kuma sama da shekara ashirin ke nan ko kalma ɗaya ba ta zo mata daga wurinsa ba.

Ta miƙa hannu, a zatonta takarda ce. Alhaji Awwalu ya ce babu takarda, saƙon na baka ne. Ya gyara tsayuwa, ya yi gyaran murya, ya ɗan lumshe ido kamar mai ba da hadda, ya ce, "Rimemba mi tu Zinariya."

Ta jira saura, babu saura. Ta tambaye shi ma'anarsa.

"Hajiya, ni Turancina na awo ne, inci da yadi," in ji shi. "Na tambaye shi, ya ce ba ruwana, in dai faɗa miki yadda ya faɗa. Har tasha ya raka ni yana sa ni ina maimaitawa kamar ɗan aji ɗaya."

Ita ma ta sa shi ya maimaita har ta riƙe. Ta tambayi lafiyar mai saƙon. Ya ce ya tsufa, ƙafa tana damunsa, amma yana zuwa masallaci da sanda, kuma har yau ba ya fita sai da biro a aljihun gaba. Direban motarsu ya fara yi masa hon. Alhaji ya tambaye ta me zai ce in ya koma. Ta ƙulla masa dabino ta miƙa masa, ta ce, "Ka ce masa ka faɗa." Iyakar amsar da ta bayar ke nan.

An haifi Zinariya a wani ƙauye na ƙasar Zazzau wajen 1940, babu takardar da ta tabbatar da shekarar. Tana ƙarama mahaifinsu ya kama hanyar gabas da iyalinsa, irin tafiyar da ake yi a lokacin: a taɓa tafiya, a tsaya a yi noma ko ƙwadago, a sake tashi. A Sudan, a yankin gonakin auduga, Malam Tahir ya rasu. Maigandi, wanda ya girme ta da 'yan shekaru, ya samu aikin masinja a ofishin auduga, kuma a nan ya koyi Turanci a bakin tsofaffin akawuna. Da uwarsu ta tara guzuri ta ce a ƙarasa abin da aka fito yi, shi ya ce ba zai bar aikinsa ba. Uwa da 'ya suka haye teku, suka yi hajji, suka zo Madina, ba su ƙara tashi ba. Shi kuwa daga baya ya koma Najeriya, Turancinsa ya samo masa kujera a tashar jirgin ƙasa.

A Anbariyya Zinariya ta yi aure. Mijinta Idrisa direba ne mai ɗauko dabino daga Khaibar, kuma da ragowar buhunansa ta fara saye da sayarwa a ƙofar gida. Bayan ya rasu, aka kuma rushe layinsu, ta koma unguwar Uhudu da 'ya'yanta biyu, Usmanu da Hanan, ta kafa basɗa. Dabino take kasawa, da lalle, da kwalli, da carbi, da busasshen na'ana.

Saɓaninta da yayanta ya faru ne a hajjin 1395, ƙarshen 1975. Maigandi ya zo ta jirgin sama da niyyar komawa da uwarsu gida, ta ga jikokinta, ta ga sauran danginta da ke raye. Ya gama shirin takardu, tsohuwa ta amince. Zinariya ba ta taɓa musun cewa ta yi mata magana ba. Ta tuna mata da halin ƙafafunta, ta tuna mata da Baƙi'a, maƙabartar da ta yi shekaru tana roƙon Allah Ya sa a binne ta a ciki. Ranar tafiya, mota tana jira a bakin layi, tsohuwa ta ce ta fasa. Maigandi bai yi wa uwarsa musu ba. Ya durƙusa ya yi mata sallama, ya ɗauki jakarsa. A bakin ƙofa Zinariya ta ce masa fi amanillah, yadda mutanen Madina ke yi wa matafiyi. Ya juyo ya ce, "Riƙe abinki. Wallahi ba za ki ƙara jin gaisuwata ba, ko da Hausa ko da Larabcin nan naku."

Bayan shekara biyu uwar ta rasu. Zinariya ta aika da labari ta hannun alhazai, tare da gaisuwa. Ta ji an ce ya yi sadaka, amma amsa ba ta zo ba. Ta ci gaba da aikawa na 'yan shekaru, sannan ta daina.

Abin ya fi yi mata nauyi saboda yadda ta ɗauki gaisuwa. Matan da suka zo ziyara, in za su tafi, sukan ce mata, Hajiya in kin shiga Harami ki gaishe mana da Manzo. Yawancin masu sayarwa insha Allahu kawai suke cewa, su juya ga mai saye na gaba. Ita sai ta tambayi sunan mai gaisuwar ta maimaita. Ranar da ta shiga da safe, lokacin da ake buɗe wa mata wurin ziyarar Manzo, takan tsaya ta ambaci sunayen ɗaya bayan ɗaya. In ta ga sun fi ƙarfin kanta takan ce wa mai aike ta cika yau, a ba wata. Haka kuma in aka kawo mata gaisuwar wani, ko tana tsakiyar ciniki ne, sai ta tsaya ta ce alaika wa alaihis salam kafin ta ci gaba. A wurinta gaisuwa amana ce, kai ta wajibi, amsa ta wajibi. Yanzu ga kalmomi daga bakin yayanta, ba ta san ko irin waɗanda ake amsawa ba ne.

Da yamma ta kai maganar gida. Hanan, autarta, tana aiki a teburin karɓar marasa lafiya na wani ƙaramin asibiti, kuma ita ce mai Turancin gidan. Tana jin Hausa sarai, amma da Larabci take mayar da amsa, sai in ta ga abin ya yi tsanani. Ta sa uwar ta faɗa a hankali, ta gane kalmomin, Remember me to Zinariya, sannan ta ce, "Ya ummi, yani tazakkarini. Ki tuna da ni." Wannan 'yar tu ɗin da ke tsakiya, a cewarta, kuskuren tela ne ko na tsufa, ba ta da aiki a wurin.

Usmanu ya yi dariya. Ya ce shi ya san alhazan Najeriya, in mutum ya ce a tuna da shi, jallabiya yake so da kwalin dabinon ajwa. Ya ce a haɗa wa kawu tsaraba a huta. Zinariya ta ce yayanta bai taɓa roƙon kowa ko allura ba, kuma ba zai fara da ita ba.

Ita fassararta daban ce, ba ta kuma faɗa musu ba. Ta san tsofaffi in sun ji jiki ya fara sanyi sukan waiwayi abin da ke tsakaninsu da mutane. Wasu su yafe, wasu su sanar da kai cewa ba su yafe ba. Ki tuna da ni, a kunnenta, ki tuna abin da kika yi mini ne, za mu haɗu a gaba. Ta yi kwanaki tana juya maganar. Da ta yanke shawarar neman Alhaji Awwalu ta ƙara tambayarsa yadda fuskar Maigandi take lokacin da ya faɗa, ta tarar ayarinsu ya wuce Makka, kuma daga can jirginsu zai tashi ta Jidda.

Daga nan ta ɗauki wata ɗabi'a. Duk alhajin Najeriya da ta gani da tabarau, ko da jarida a hammata, in an gama ciniki sai ta karanta masa kalmomin ta tambaye shi ma'anarsu. Yawanci abin da Hanan ta faɗa suke faɗa. Wani ya ce Turancin karyayye ne. Wani ɗalibin jami'ar Musulunci da ke sayen na'ana a wurinta ya ce shi dai bai taɓa jin an faɗi haka ba, wataƙila wata kalma ta faɗi a hanya tsakanin Kafanchan da Uhudu. Matan da ke kasa kaya kusa da ita suka sa mata Hajiya Rimemba. Ba ta hana su ba, ba ta kuma amsa ba.

A shekarar ne likita ya tabbatar mata da ciwon suga. Ba ta tsorata da ciwon ba, ta rage shayi ta ci gaba da fita. Abin da ke hana ta sukuni shi ne ta mutu da gaba tsakaninta da ɗan'uwanta. Ta san abin da malamai ke faɗa game da 'yan'uwa biyu da ba sa magana. A da takan kwantar da hankalinta da cewa ita ce ta aika aka ƙi amsawa. Yanzu kuwa shi ya aiko, ita kuma ta ce wa ɗan aikensa ya ce ya faɗa. In zargi ne, ta ji. In wani abu ne daban, to laifin ya dawo ɓangarenta.

A watan azumi na 1417, Janairun 1997, bayan la'asar, wata mata mai jiki ta zo sayen lalle. Ta nemi kujera saboda gwiwa, aka ba ta, ta zauna ta shiga ciniki kamar ba azumi take ba. Sunanta Hajiya Sakinatu, daga Zariya, tsohuwar shugabar makarantar 'yan mata, ta zo umara. Tabarau ɗinta na rataye a wuya da sarƙa. Zinariya ta bari sai da aka kusa daidaitawa, sannan ta karanta mata kalmomin.

Hajiya Sakinatu ta ajiye ledar lallen, ta ce a maimaita. Aka maimaita. Ta yi dariya har kujerar ta motsa, ta ce rabonta da jin wannan tun tana makarantar kwana, a bakin wata tsohuwar Baturiya da ke koya musu ɗinki.

"Wa ya aiko miki da wannan tsohon kaya, Hajiya? Ko wani saurayin da ne ya tuno baya?"

"Yayana ne."

"Akawu ne, ko?"

"Akawu ne."

"Ai da ji."

Sai ta yi mata bayani dalla-dalla, irin na wadda ta saba tsayawa gaban allo. Ta ce ba Zinariya aka ce ta tuna ba. Da ɗan aiken ake magana. Ce masa aka yi, in ka je wurin wance ka ambace ni a gabanta, kuma 'yar tu ɗin nan da aka raina ita ce ke nuna wurin wa za a kai. Ta ce ɗan aiken ne ya ɗauko umarnin da aka ba shi ya zube mata shi ɗanye, kamar a ce wa mutum ka gaishe ta, shi kuma ya je ya tsaya gabanta ya ce ka gaishe ta. Tsohon Turanci ne, na mutanen da nisa ya raba, yaran yanzu ba su san shi ba, kuma ba laifinsu ba ne tunda ba a koyar da shi.

Zinariya ta tambaye ta ko akwai gori ko zargi a ciki, ko da ɗan kaɗan. Ta ce babu, sai ma ladabi.

"Da Hausa me za mu ce?"

"Ka gaishe mini da Zinariya. Shi ke nan."

"Gaisuwa ce dai?"

"Gaisuwa ce."

Zinariya ta tuna bakin ƙofarsu ta Anbariyya da abin da aka rantse a kai: Hausa da Larabci. Maigandi mutum ne da ba ya karya magana, kuma ba ya ƙara wa magana abin da babu a cikinta. Harshe biyu ya ambata. Ya yi shekara ashirin kafin ya yi amfani da na ukun.

Ta goge hannunta da gefen mayafi, ta fuskanci baƙuwar, ta ce, "Alaiki wa alaihis salam."

Hajiya Sakinatu ta ce ai ba ita aka aiko ba. Zinariya ta ce tela ya kawo buhun, amma ita ta kwance bakinsa, saboda haka ita za a amsa wa. Daga nan ta ba ta labarin a taƙaice. Baƙuwar ta ce ita ba ta zuwa Kafanchan, amma tana da tsohuwar ɗaliba da ke aure can, ma'aikaciyar jinya, ba za a rasa gidan tsohon akawun tasha ba. Zinariya ba ta son gaisuwa mai bi ta hannu biyu, sai dai ba ta da wata hanya kafin hajji. Hajiya Sakinatu ta ce bari ta shirya mata amsa da Turanci irin nasa, mai kyau, wanda zai sa ya cire hula.

"A'a," in ji Zinariya. "Ni ban yi rantsuwa ba. A ce masa na amsa. A ce ƙanwarsa tana gaishe shi, tana gaishe da iyali. A kuma ce masa jinkirin ba daga zuciya ba ne, daga tela ne."

Ta sa ta maimaita sau biyu. Lallen kuwa a farashin da Zinariya ta faɗa tun farko aka saye shi.

A hajjin shekarar babu wanda ya zo daga Kafanchan. A na gaba, 1418, wata tsohuwa ta zo tana tambaya, ta tsaya ta karanto kalmomin nan, ba ƙari ba ragi. Zinariya ta amsa tun kafin ta rufe baki. Haka abin ya ci gaba kusan kowace shekara, ko da hajji ko da umara. 'Yan aiken suna canzawa, lafazin yana lalacewa, wani ma da ƙyar aka gane abin da yake faɗa, amma ba a taɓa samun wanda aka gaya wa ma'anar ba. Ita kuma kullum da Hausa take mayarwa, tare da dabino, wanda yanzu ta yarda a aika tunda ba roƙa aka yi ba. Usmanu ya taɓa cewa abin ya zama wasan yara, kawu ya yi kaffarar rantsuwarsa mana, ya gaishe da ƙanwarsa kamar kowa. Ta ce in ya matsu ya aika masa da kansa. Ita ba ta taɓa neman haka ba.

A 2003 wani alhaji ya kawo lambar wayar salula ta ɗan Maigandi da ke aiki a Kaduna. Aka sa rana, wata Juma'a da yamma, ɗan ya je Kafanchan ya ɗauko uban. Hanan ce ta buga. Ta gaishe da kawunta da irin Hausarta, ya yi mata gyara a wuri biyu, ya tambayi Usmanu da yara da zafin Madina. Da ya gama, sai ya faɗa mata kalmomin nan, ya ce ta kai wa mahaifiyarta. Hanan ta ce ai ga ta nan a zaune kusa da ita. Ba ta jira izininsa ba ta miƙa wayar.

"Salamu alaikum, Yaya," in ji Zinariya.

Maigandi ya ce, "Wa alaikumus salam." Ya ƙara da cewa ta lura, amsawa daban gaisuwa daban, shi a kan gaisuwa ya rantse. Ta ce ta lura. Ba ta tambaye shi abin da ya hana shi amsa waɗanda ta aika a da ba.

Suka yi maganar ƙafarsa da sugarta. Ya tambaye ta a wane ɓangaren Baƙi'a aka sa uwarsu, ta kwatanta masa. Ya tambaya ko ta ambace shi a ƙarshe, ta ce ta ambace shi. Babu wanda ya taɓo zancen 1975 a cikinsu, a ranar ko bayanta. Daga nan duk lokacin da aka haɗa su a waya ita ke fara sallama, shi ya amsa, a shiga hira.

Ba su sake ganin juna ba. An yi maganar ya zo umara, likita ya hana shi doguwar tafiya. Malam Maigandi ya rasu a Kafanchan da daminar 2005. Zinariya ta ci gaba da fita Uhudu har 2006, lokacin da idonta ya yi rauni, ta bar wa wata maƙwabciyarta basɗar ta koma gidan Usmanu. A can ta rasu a watan Sha'aban na 1429, wato Agustan 2008, aka yi mata salla a Harami bayan azahar.